Yadda za ka gane abin da ka tsaya a kai a rayuwa, ka kuma riƙa yanke shawara da shi kullum

Akwai wata rana da har yau in na tuna sai naji ƙirjina ya yi nauyi. Biyar saura ne, ina haɗa jakata zan bar ofis, sai ogana ya leƙo da wani fayil ya ajiye min a kan tebur yace "ɗan gyara min kwanan watan nan, mayar da shi na makon jiya, ba wani abu bane." Rahoto ne da ya kamata mu miƙa tun kwana shida baya, mu muka yi sakaci. Na ɗago na kalle shi, idonsa na kan wayarsa, biro kuma na hannuna. Nace "to yallaɓai", na gyara. Duka duka abin bai ɗauki minti ɗaya ba kuma babu wanda ya kama mu, amma daren nan na kasa barci, saboda ni ne mutumin da kullum in ana hira nake cewa ni fa gaskiya ce gaba da komai a wajena, sai gashi ran da aka zo gwada ni ko tunani ban tsaya yi ba, hannuna ya riga kaina aiki.

Tun daga ranar na fahimci cewa yawancinmu muna da ƙa'idojin rayuwa a baki, amma ba mu taɓa zama mun tsara su yadda za su yi mana amfani a cikin minti ɗayan nan ba. Kuma a irin wannan mintin ake yin rayuwar, wajen amsa wani saƙo ko ƙin amsawa, wajen cewa eh alhali a'a ce a zuciyarka, wajen mayar da canjin da aka yi maka ƙari bisa kuskure. Matakan da zan kawo a nan su ne waɗanda na bi bayan wancan daren, wasu na koyo daga binciken masana halayyar ɗan Adam, wasu kuma faɗuwa ce ta koya min.

Mataki na farko: nemo shaida, kar ka tambayi bakinka

In ka tambayi mutum mene ne ya fi muhimmanci a rayuwarsa zai jero maka kyawawan kalmomi, gaskiya, amana, iyali, lafiya, ilimi, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake son ya kasance. Matsalar kawai ita ce wannan lis ɗin na kowa ne, ba zai nuna maka kai wane ne ba. Don haka ka ɗauki takarda da biro, ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, ka amsa tambayoyi huɗu ba tare da ka yi wa kanka kwalliya ba, tunda babu wanda zai gani.

Ina lokacinka ya tafi a sati biyun da suka wuce? Yawancin wayoyin yanzu suna nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja, ka duba, kar ka yi ƙiyasi da ka. Ina kuɗinka ya tafi bayan ka cire abin da ya zama dole? Wane abu ne in aka yi a gabanka ranka ke ɓaci ko da ba kai aka yi wa ba? Sai ta huɗu, wace rana ce ka kwanta kana jin daɗin kanka duk da cewa asara ka yi a ranar?

Ta uku da ta huɗun nan ka ba su lokaci sosai. Fushi yana tona abin da mutum ya ɗauka da daraja fiye da komai. Wani in yaga ana wulaƙanta ƙaramin ma'aikaci jikinsa har rawa yake, wani kuma wannan bai cika damunsa ba amma in aka saɓa masa lokaci da minti ashirin ya dinga huci kenan har dare. Na farkon mutunta mutane ne a ransa, na biyun cika alkawari. Dukkansu abubuwa ne masu kyau, sai dai ba ɗaya bane, kuma in ba ka san wanne ne naka ba za ka yi ta aron na wasu kana mamakin me ya sa ba ka samun natsuwa.

In kaga abin da ka rubuta bai yi kama da abin da kake faɗa da baki ba, kar hankalinka ya tashi, kusan kowa haka yake samu a karon farko, kuma wannan giɓin shi ne aikin da za a yi.

Mataki na biyu: rage su, sannan ka mayar da kowanne aiki

Wani masanin halayya ɗan Amurka, Milton Rokeach, a shekarar 1973 ya raba irin waɗannan abubuwa gida biyu, guda 18 na inda mutum yake son ya kai, kamar kwanciyar hankali, 'yanci da tsaron iyali, da wasu 18 na yadda mutum yake son ya yi tafiyar, kamar gaskiya, jarumta da yafiya. Abin da ya burge ni a tsarinsa shi ne ba ya tambayar mutum ko yana son abu, don kowa zai ce yana so, cewa yake ka jera su daga na ɗaya har na ƙarshe. A nan ne gumi ke fitowa.

Kai ba sai ka yi 36 ba. Daga abin da ka tono a mataki na farko ka zaɓi biyar, in za ka iya ma ka sauko uku. Mutumin da yake da ƙa'ida ashirin a aikace ba shi da ko ɗaya, don duk abin da ransa ya so zai samu wata a cikin ashirin ɗin da za ta ba shi izini.

Sannan kowace kalma ka juya ta ta zama abin da ido zai iya gani. "Gaskiya" kalma ce mai faɗi, tana da sauƙin faɗa tana da sauƙin zamewa. Amma "ba na sa hannu a takardar da na san abin da ke ciki ba haka yake ba" wannan ba ta da ƙofar baya. "Iyali" ka mayar da ita "daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza wayata tana ɗaki, ni ina tare da yara". "Amana" ta zama "kuɗin da aka ba ni ajiya ba na taɓa shi ko da niyyar zan mayar gobe". In jimlar da ka rubuta ba za a iya cewa ka yi ko ba ka yi ba a ƙarshen rana, to ba ta nuna ba tukuna, sake ta.

Ka kuma bambance ƙa'ida da buri. Buri ana cimma sa a wuce wajen, kamar gama karatu ko samun ƙarin girma. Ƙa'ida kuwa alƙibla ce, kamar mutum ya ce gabas ya nufa, ba ranar da zai ce ya iso gabas ya gama, kullum in ya tashi sai ya sake fuskantarta.

Mataki na uku: jera su, saboda wata rana sai sun yi karo

Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa kuma a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Zaɓi tsakanin abu mai kyau da mummuna ba shi ne ke wahalar da mutumin kirki ba. Wanda ke hana barci shi ne zaɓi tsakanin abu biyu masu kyau. Abokinka na ƙut da ƙut ya kawo maka tsarin kasuwancin da zai zuba duk abin da ya tara a ciki, idonsa na ƙyalli, kai kuma kana ganin ramin da ke ciki ƙarara, to gaskiya za ka faɗa ko zuciyarsa za ka kiyaye? An ba ka aiki mai tsoka a wani gari mai nisa, mahaifiyarka kuma ta tsufa tana buƙatarka kusa. Ɗan'uwanka ya nemi rance a karo na huɗu bai biya ukun baya ba, kai kuma kana da naka nauyin a gida.

Shalom Schwartz, wani masani da ya fitar da bincikensa a 1992 bayan ya tattara bayanai daga ƙasashe 20, ya nuna cewa manyan abubuwan da mutane ke darajantawa sun kasu kashi goma, kuma ya zana su a da'ira. Waɗanda ke maƙwabtaka a da'irar suna tafiya tare ba rigima, waɗanda ke fuskantar juna kuma suna jan mutum ɓangare biyu. Son cin gashin kai da son sabon abu suna gefe ɗaya, a ɗaya gefen akwai son tsaro da bin abin da aka gada. Neman mulki da ɗaukaka suna nan, kyautata wa mutane da damuwa da kowa suna can. Amfanin sanin wannan a wajena shi ne ya cire min jin cewa ni ne mai matsala duk lokacin da naji zuciyata ta rabu biyu, ashe haka ginin yake, ba a haɗa gudu da susar takashi, dole wani lokaci ɗaya ya jira ɗaya.

Yadda za ka jera su kuwa, ka ɗauke su bibbiyu. In kana da biyar, haɗuwa goma kenan. A kowace haɗuwa ka ƙirƙiro wani yanayi na gaske daga rayuwarka, da sunayen mutanen da ka sani da wuraren da kake zuwa, inda dole ka saki ɗaya, sannan ka tambayi kanka wanne zan saki. Kar ka amsa da abin da zai yi daɗin ji a bainar jama'a. Wanda ya fi cin nasara a haɗuwa goman shi ne na sama.

Kuma jerin ba yana nufin na ƙasa ya mutu ba. In gaskiya ta fi tausayi a jerinka, abokin nan naka za ka faɗa masa ramin da ka gani, amma tausayi shi zai zaɓa maka lokaci da lafazi, ka same shi shi kaɗai, ka fara da abin da ya yi daidai, ka zauna ku duba lissafin tare. Na sama yana yanke abin da za a yi, na ƙasa yana gyara yadda za a yi shi. Na ga mutane da yawa suna fakewa da "ni gaskiya nake faɗa" suna yanka mutane da harshe, wannan rashin tarbiyya ne kawai aka sa masa riga mai kyau.

Mataki na huɗu: yanke shawarar tun kafin ranar ta zo

A 1973 wasu masana biyu, John Darley da Daniel Batson, sun wallafa wani gwaji da suka yi da ɗaliban makarantar koyon aikin coci a Princeton ta Amurka. An ce wa kowane ɗalibi ya tafi wani gini ya gabatar da ɗan jawabi, wasunsu ma jawabin nasu a kan labarin nan ne na Basamariye mai kirki da ya taimaki wanda aka yasar a hanya. A kan hanyar an ajiye wani mutum a durƙushe yana tari yana nishi. Wasu ɗaliban an ce musu akwai sauran lokaci, wasu an ce musu kun makara, ku yi sauri. Cikin waɗanda ba sa sauri kashi 63 cikin ɗari sun tsaya taimako. Cikin masu sauri kashi 10 ne kawai. Mutanen da suka sadaukar da rayuwarsu ga addini fa, wasu labarin taimako ne ma a cikin kansu a daidai lokacin, amma gaggawa ta rufe musu ido.

Da na karanta wannan sai na tuno kaina da biro a hannu biyar saura. Ba wai na auna gaskiya da tsoron oga na zaɓi tsoro bane, ban ma auna komai ba, ina sauri in tafi gida, yana tsaye a kaina, shikenan.

Maganin da na samu mai sauƙi ne. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna da bincike a kan shiri mai siffar "in kaza ya faru, zan yi kaza", kuma ya nuna cewa masu irin wannan shirin sun fi aikata abin da suka yi niyya a kan masu niyya zalla. Dalilin a bayyane yake, ka riga ka yi tunanin a lokacin da kanka ke sanyi, in ranar ta zo ba sabon lissafi za ka fara ba. Don haka a ƙarƙashin kowace ƙa'ida ka rubuta irin wannan jimla biyu ko uku, kuma ka gina su a kan wuraren da ka san nan kake zamewa:

In aka miƙo min takarda aka ce sa hannu yanzu yanzu, zan ce a ba ni minti goma in karanta.
In aka fara cin naman wani a guruf, zan yi shiru in fita daga hirar, in kuma an tambaye ni zan ce ba na nan lokacin da abin ya faru.
In aka nemi alkawari daga gare ni, ba zan ce eh a take ba, zan ce zan duba in sanar da kai kafin dare.
In raina ya ɓaci da wani saƙo, amsar sai ta kwana.

Har kalmomin da za ka furta ka tanada, ka faɗe su da baki kai kaɗai sau biyu ko uku. Mutane da yawa ba rashin ƙa'ida ke kayar da su ba, rashin abin faɗa ne a daidai lokacin, kunya ta kama su sai kawai su ce to.

Mataki na biyar: duba su wa ke kewaye da kai

A farkon shekarun 1950 wani masanin halayya, Solomon Asch, ya zaunar da mutane a ɗaki yana nuna musu layuka yana tambayar wanne ya yi daidai da wanne a tsayi, tambayar da yaro ma zai amsa. Sai dai duk waɗanda ke ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure, ban da mutum ɗaya. Kusan kashi 75 cikin ɗari na waɗanda aka gwada sun bi taron aƙalla sau ɗaya, suna ganin gaskiya da idonsu. Amma da aka sa mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi amsar daidai, bin taron ya ragu ƙwarai. Mutum ɗaya. To ka nemo naka, aboki ko matarka ko mijinki ko yaya, ka karanta masa jerin nan naka, ka ba shi izinin ya ce maka "wannan fa bai yi kama da abin da ka rubuta ba" ba tare da ka yi fushi ba.

Mataki na shida: in shawarar ta zo ba shiri

Ba komai za ka iya hangowa ba. In sabon abu ya faɗo, fara da sayen lokaci, ko da na zuwa wanke fuska ne. Sannan ka tambayi kanka wace ƙa'ida ce ke cikin wannan maganar, ko guda biyu ne suka yi karo, in biyu ne jerinka ya riga ya amsa. Ka tambayi kanka ko za ka iya ba da labarin abin da za ka yi ɗin, yadda yake ba ragi, ga mutumin da ka fi jin nauyi a duniya. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya siffanta zunubi da abin da ya yi maka kaikayi a ƙirji kuma ka ƙi mutane su gani, ban san ma'aunin da ya fi wannan saurin aiki ba. Na ƙarshe, ka lura da bakinka, in ka ji kana cewa "sau ɗaya ne kawai" ko "kowa ma haka yake yi" ko "ba wani abu bane", to tsaya, an fara ciniki da kai kenan.

Mataki na bakwai: zaman hisabi, da abin yi in ka faɗi

Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar Amurka, yana saurayi ya rubuta halaye 13 da yake son ya mallaka, ya yi ɗan littafi mai layuka, kowane dare yana ɗiga baƙin ɗigo a gaban halin da ya saɓa a ranar. Kowane mako hali ɗaya yake sa wa ido, a mako 13 ya zagaye su, sau huɗu kenan a shekara. Shi da kansa ya ce bai taɓa kaiwa ga cikar da ya nema ba, tsari da ajiye komai a muhallinsa ma ya fi ba shi wahala, amma ya ce ƙoƙarin ya sa ya fi yadda da zai kasance. Kai minti goma a sati ya ishe ka. Ka zaɓi rana ɗaya, ka buɗe jerin, ka rubuta wuri ɗaya da ka tsaya da wuri ɗaya da ka zame, da abin da ke faruwa a lokacin da ka zame ɗin, gajiya ce, yunwa ce, sauri ne, ko idon wani ne. Bayan wata biyu za ka ga ramukanka ba su da yawa, guda biyu ko uku ne kake ta komawa cikinsu.

Hatsarin da ke bayan faɗuwa ya fi faɗuwar kanta. Wani masanin halayya, Leon Festinger, ya yi bayani tun 1957 cewa in aikin mutum ya saɓa wa abin da ya yi imani da shi, yana jin wani ƙunci, kuma don ya rabu da ƙuncin sau da yawa imanin yake lanƙwasawa ya dace da aikin. Haka mutum ke tashi daga "na yi kuskure" ya koma "ai dama kwanan wata ba wani abu bane", bayan shekara biyu kuma shi ne ke ajiye wa na ƙasa da shi fayil a tebur. Don haka in ka zame, kira abin da sunansa a ranar, gyara abin da zai gyaru, nemi afuwar wanda ya kamata, sannan ka ƙara sabuwar jimlar "in kaza ya faru" a daidai wajen.

Jerin kansa ma zai iya canzawa, wanda ya haihu ko ya yi jinya mai tsawo ko ya rasa wani nasa ba zai jera abubuwa yadda ya jera su a da ba, wannan daidai ne. Sharaɗi ɗaya kawai nake bi, ba na canza jerin a ranar da yake takura min, sai a ranar hisabi, lokacin da babu wata riba a gabana.

Bayan kamar wata huɗu da wancan daren ogan nan ya sake leƙowa da wani fayil, kusan lokaci ɗaya ma, kalmomin ma kusan iri ɗaya. Zuciyata ta buga sosai, tafin hannuna ya jiƙe, amma jimlar tana nan a bakina tunda na sha maimaita ta. Na miƙe tsaye nace "yallaɓai, ka yi haƙuri, kwanan watan ba zan iya taɓa shi ba, amma in ka yarda yanzu zan rubuta takardar bayanin dalilin jinkirin, in sa sunana a ciki tunda da ni aka yi lattin." Ya ɗago daga wayar ya kalle ni na ɗan lokaci, bai ce komai ba, ya ɗauki fayil ɗinsa ya fita. Sati biyu gaisuwata da ƙyar yake amsawa, kuma wata tafiyar aiki da nake sa ran za a tura ni aka ba wani. Takardar bayanin dai washegari da safe ya aiko masinja ya karɓa.